Hulunan Taya a Hanyar Argungu

Tun muna zaune a Sakkwato, kafin a ba mu jihar kanmu, Malam ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta. Malam shi ne maigidana, haka nake kiransa tun ina amarya. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka kwaso ma'aikata zuwa Birnin Kebbi, muna cikin waɗanda suka taho da katifu ɗaure a saman mota, tukwane a tsakanin ƙafafun yara. Gari ya cika da baƙi, ofisoshi duk a gidajen haya, unguwar Gesse kuwa ba ka jin komai sai ƙarar shebur da kwaɓin siminti. Komai namu ya canja, maƙwabta, kasuwa, har ɗanɗanon ruwan sha. Wannan zagayen ne kawai bai canja ba.

Da ya dawo daga masallaci ya sha kununsa, sai ya fita ya tsuguna gaban kowace taya. Ya danna ta da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da bayan hannu yana saurare. Sannan ya kwance 'yar baƙar hular da ke kan bawul, wato ɗan bakin nan da ake hura wa taya iska, ya dangwali yawu ya shafa a bakin. In yawun ya kwanta shiru, lafiya. In ya kumburo ya fashe, iska na zurarewa. Daga nan ya mayar da hula, ya wanke hannu da buta, ya shiga mota ya karanta addu'ar hawa. Shekara da shekaru ina kallonsa ta tagar kicin, wani lokaci har da jin haushi, domin yara na tsaye da jakunkuna an kusa rufe ƙofar makaranta, shi kuwa yana can tsugune yana hira da taya.

Argungu ne garinsu. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta ƙi dawowa wurinmu, ta ce ba ta iya barci inda ba ta jin ƙanshin gulbi. Saboda haka kowace Juma'a da hantsi Malam zai kama hanya, ya gaishe ta, ya yi salla a masallacin da ya taso yana yi, ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi a ɗakinta, bayan la'asar ya juyo. In babu uzuri tare muke zuwa. Abin da ya kawo shi jihar nan da farin ciki ke nan tun farko, kusanci da tsohuwarsa.

Bayan ya yi ritaya ciwon suga ya fara taɓa masa ido. A hankali abin ya zo. Ya bar karanta jarida, ya koma sauraren rediyo. Yana gane mutum daga tsayuwarsa da muryarsa, amma ƙananan abubuwa sun ɓace masa. Wata rana ya dawo daga cikin gari, ya rataye makullin mota a ƙusar da ke bayan ƙofar falo, ya ce mini ya kusa bi ta kan akuya bai gan ta ba, kuma akuya da sauƙi, gobe yana iya zama ɗan mutum. Bai ƙara ɗaukar makullin ba.

Babban ɗanmu yana aiki a Abuja. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ko a waya ba na jan magana da shi, gaisuwa ce da addu'a sai in miƙa wa babansa. Da ya ji labari ya ce a ɗauki direba, shi zai riƙa biya. Malam ya ce a'a.

"Ban zama buhun shinkahwa cikin motata, a ɗauka a aje," in ji shi.

Muka gwada motar haya. Zuwa na biyu, yaron mota ya kama masa hannu a tasha yana cewa a matsa wa makaho ya shiga. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ran nan Malam ko kifin Inna bai ci sosai ba. Da muka iso gida na tsaya gaban ƙusar nan na ce masa, "Malam, ka koya mini."

Ya ɗauka wasa nake. Ina da jikoki a lokacin, ko keke ban taɓa hawa ba. Amma washegari da safe muka sa maƙwabcinmu ya kai mana motar filin idi, Malam ya zauna a gefena, ya koya mini da kunne. Daga kukan inji yake sanin na taka mai da yawa, daga yadda jikinsa ya karkata yake sanin na sha kwana da gaggawa. "Sannu dai, direba, ba gudun hijira mukai ba." Tun daga nan sunan ya bi ni. Na yi wata da watanni a cikin gari, daga Gesse zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, har na karɓi lasin. Ranar da na fara kai shi Argungu da hannuna, na idar da nafila raka'a biyu a ɗakin Inna.

Ɗan namu na Abuja hankalinsa bai kwanta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Uwa da uba, duk sun manyanta, su kaɗai a kan kwalta. Da ya zo hutu sai ga shi da wani ɗan kwali. A ciki akwai huluna huɗu na ƙarfe, kowace ta kai girman goro, da ɗan allo mai kama da ƙaramar waya wanda ake ɗorawa a gaban mota yana cin hasken rana. Ya ce kowace hula akwai batir a cikinta, in an ɗaura ta a bawul tana auna iskar taya tana aika wa allon. In iska ta ragu ko taya ta yi zafi, allon zai yi kuka. Ya ce manyan motoci na zamani da irin wannan suke fitowa daga kamfani, tamu kuwa da yake tsohuwa ce, sai a sayo a ɗaura.

Da kansa ya tsuguna ya kwance baƙaƙen hulunan. Zai watsa su a kwandon shara, Malam ya miƙa hannu, ya karɓa ya zuba a aljihu. Kowace sabuwar hula aka ɗaure ta da ɗan noti don kada a sace, aka ba ni 'yar sifanar da ke kwance shi, na rataye ta a jikin makulli.

"Baba, ka huta da tsugunawa," in ji yaron. "Kada a taɓa hulunan nan, an riga an saita su. Mama, in ta yi kuka ku tsaya ku kira ni. Amma in matsala ta yi yawa a hanya, don Allah ku yi haƙuri a kawo direba."

Malam ya ce to. Ni ma na ce to, kaina a sunkuye.

Gaskiya da farko abin ya burge ni. Lambobi huɗu, kore shar, kowace a kusurwar tayarta. Kafin mu fita daga unguwa sai in karanta wa Malam su ɗaya bayan ɗaya, ya ce madalla. Abin da ya dame ni kawai shi ne safiya. Ya sha kununsa, ya fita, ya tsaya gefen mota ya dafa ta, ya ɗan jima, ya dawo ya zauna. Hulunan nan baƙaƙe kuwa, duk rigar da na ɗauko zan wanke sai in same su a aljihu. Nakan cire su in sa a wadda zai saka gobe. Bai taɓa tambayata ba, ban taɓa yi masa zancen ba.

Da bazara ta kama, kwalta ta fara narkewa, sai na'urar ta fara nuna hali. Wata Juma'a mun ɗan wuce Ambursa ta tsandara kuka, lambar tayar gaba ta koma ja tana ƙyaftawa. Na gangara gefe na kashe mota, muka kira yaron, yana cikin taro bai ɗauka ba. Muka zauna cikin zafi, gumi na bin bayana. Na fita na duba tayar, ni dai ban ga komai ba. Can lambar ta koma kore da kanta. Muka tashi, ba mu yi nisa ba ta sake. Haka muka riƙa yi, tafiya kaɗan tsayuwa da yawa, kamar masu rakiyar amarya. Muna shiga Argungu mutane na fitowa daga masallaci da dardumai a kafaɗa.

Malam ya yi azahar shi kaɗai a zauren Inna. Ban taɓa ganin ya rasa Juma'a yana da lafiya ba sai ran nan. Inna ta dube mu ta ce, "Da jaki munka saba tahiya, Juma'a ba ta taɓa wuce mu ba. Ku ga mota, ga ƙararrawa." Ta yi dariyarta, ta tura mini kwanon fura. Na karɓa na sha.

Na kai motar wurin mai facin da ke bakin kasuwa, wani ɗan kudu da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu zama Kabanci, irin Hausar mutanen Kebbi. Ya kai hannu zai kwance hula ta ƙi, sai da na miƙa masa 'yar sifana.

"Wagga tayar manya ce, Hajiya, har da makulli," in ji shi. Ya sa gejinsa ya auna duka huɗun, ya ce lafiyarsu ƙalau, kada in rage ko kaɗan.

Mako na gaba wata lambar ta ɓace ɗungum, sai layi biyu a wurinta, ga kuka. Yaron ya ce batir ne. Na yi yawo a kasuwa har na samu irinsa wurin masu gyaran agogo, ɗan fai-fai kamar maɓallin riga. Aka sa, lamba ta dawo. Wani makon kuma ta gaba ta sake kuka da rana tsaka. Duk kukan da ta yi sai na tsaya, duk tsayuwa sai na kira, domin na ce to, kuma ba na son in yi wa yaron nan ƙarya. Shi kuwa daga can abin da yake ji kawai shi ne iyayensa na tsaye a bakin daji. Bai zargi na'urar ba. Ya fi zaton ramuka nake faɗawa, ko tayoyin ne suka gaji.

Daga ƙarshe ya kira babansa, ina zaune ina tsince shinkafa ina jin muryarsa. Ya ce wahalar ta isa haka. Ya samo direba, mutumin kirki mai iyali a nan Birnin Kebbi, zai fara aiki farkon wata. Malam ya ce Allah shi yi albarka, ya ajiye wayar. Ya juyo inda nake ya ce, "To, direba, saura Juma'a guda."

Ba tuƙin kansa nake jin rabuwa da shi ba, ko da yake na fara jin daɗinsa. Hanyar nan ce. A cikin motar nan Malam ke ba ni labaran da bai taɓa ba ni ba a gida, na ƙuruciyarsa a bakin gulbi, na yadda mahaifinsa ke saƙa homar kamun kifi. Ni kuma ina gaya masa abin da nake gani, inda aka girbe, inda aka yi sabon gini, shanun da ke tsallaka hanya. In baƙo ya zauna a gaba, mu biyu a baya kamar waɗanda za a kai asibiti, na san bakinsa zai rufe.

Ranar Juma'ar muka fita da wuri. Allo kore, lambobi huɗu lafiya lau, babu kuka. Na kunna karatun Suratul Kahfi muna bi a hankali. Muka wuce wajen Zauro, fadama ta yi jawur da shinkafar rani, ana ta yanka, buhuna jere a bakin hanya. Muka wuce Ambursa, inda ta saba fara rikici, shiru. Har na fara cewa a raina ashe yau da rabon mu rabu lafiya.

Sai Malam ya ce, "Rage karatun ga, ki saurara."

Na rage. Ni ban ji komai ba sai iska.

"Ta baya, wajena. Tana tahiya da nauyi."

Na dubi allo, kore. Na gaya masa. Ya ce shi dai abin da kunnensa ya ba shi ke nan. Sai na ƙara duba lambobin da kyau, na lura da wani abu. Duk makonnin nan ina kallonsu, na san da an ɗan yi tafiya taya ta ɗau zafi sukan ɗan hau. Uku sun hau kamar kullum. Ta baya wajen Malam tana nan yadda take tun a ƙofar gida, ba ta motsa ba. Kuma da na sassauta riƙon sitiyari sai na ji bayan motar na ɗan rausaya, kamar mai ɗauke da tulu a kan tsakuwa.

Na yi ta juya abin a raina. In na tsaya, wata tsayuwar ce kuma a bakin hanya, ga shi ita na'urar da aka ce in bi ta ce in wuce. In kuma na wuce tayar ta fashe da mu, da wane ido zan dubi kowa? Na ga wata bishiyar dogon yaro mai inuwa a gaba, na sa sigina na gangara.

Ko ba a gaya wa mutum ba. Tayar ta zauna, kumatunta sun bazu a ƙasa. Na leƙa ta taga na dubi allo, yana nan kore abinsa, yana shan rana.

Na ɗauko waya. Malam ya ji ƙarar zif ɗin jaka ya ce, "Mi za ki yi?"

"In kira shi."

"Cewa yay yi in ta yi kuka a kira shi. Ta yi kuka?"

Na ce ba ta yi ba.

"To aje."

Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya dafa mota ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya bi tayar da tafin hannu yana neman ƙusa. Ya sa na matsar da motar gaba kaɗan, ya sake bi. Babu. Ya kanga kunne kusa da bawul ya yi shiru, har sai da wata babbar mota ɗauke da albasa ta wuce ƙararta ta ɓace. Sannan ya dangwali yawu ya shafa a gindin hular ƙarfen, inda ta haɗu da bawul.

"Zo ki duba mani. Idona bai kai nan."

Na tattare hijabi na durƙusa kusa da shi a kan tsakuwa. Shekara nawa ina kallon wannan aiki ta taga, ban taɓa matsowa na ga abin da yake gani ba. Yawun ya ɗan kwanta, sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere, ɗaya na fashewa wata na tasowa.

"Tana kumfa, Malam. A gindin hular."

"Awo. Kawo sifanarki."

Shi ya riƙe hular, ni na sassauta notin. Da ya murɗe ta ta fita sai iska ta ɗan yi tsaki ta tsaya. Ya sake shafa yawu a bakin bawul ɗin kansa. Na zuba ido na jira. Ya kwanta shiru, ko motsi. Na juya hular a hannuna na leƙa ciki. Akwai ɗan tsinken da ke danne bakin bawul a buɗe don ta samu iskar da za ta auna, da wata 'yar roba da ke hana iskar fita waje. Robar ta bushe ta tsage. Na kwatanta wa Malam. Ya jinjina kai ya ce ashe mai gadin ne ya buɗe ƙofa ya kwanta barci.

A but ɗin motar, ƙarƙashin tabarma, akwai famfon ƙafa da muka taho da shi tun daga Sakkwato. Ya sha tsatsa amma yana aiki. Malam ya laluba ya maƙala bakinsa a bawul, ni na dafa rufin mota na fara takawa. Ban san haka iska ke da nauyi ba. Ina takawa ina salati, shi kuma babban yatsansa na kan taya yana cewa ƙara, ƙara. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Na canja ƙafa, na sake canjawa. A hankali tayar ta fara ɗagowa.

Wani manomi a kan babur ya tsaya ya yi sallama, ƙafafunsa duk laka. Ya dube ni ya dubi Malam ya ce, "Ina direban naku ya tahi ya bar ku?"

"Ga ta nan bisa aiki," in ji Malam. "Ni yaron mota ne."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Hajiya ta ba shi ya samu lada. Ba a hana mutum lada. Na ba shi ya ƙarasa, na koma inuwa ina mayar da numfashi. Da Malam ya ƙwanƙwasa tayar ya ji ta amsa yadda yake so, ya ce ya isa. Muka yi wa mutumin godiya da addu'a ya wuce.

Sai Malam ya sa hannu a aljihu ya fiddo baƙaƙen hulunan. Ya ɗaura ɗaya. Ya ce mu zagaya. Muka bi sauran ukun, ina sassauta noti yana murɗewa, yana shafa yawu ina dubawa, yana ɗaura tsohuwar hula. Na ƙulle na ƙarfen a bakin gyalen da ke cikin jakata. Muna tayar da mota allon ya fara kuka, yanzu da babu abin da zai yi wa kuka. Na laluba bayansa na kashe.

A bakin Argungu na tsaya wurin mai faci ya auna da geji ya ɗan ƙara. Muna isa ƙofar gidan Inna ana kiran salla na farko. Malam ya wanke hannu, ya yi alwala, ya gyara hularsa, ya bi maƙwabta zuwa masallaci da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe masa hannu.

Inna ba ta gani sosai ita ma, amma ta shafa gwiwata ta ji ƙasa. Ta tambaya, na ba ta labari. Ta murza carbinta, sannan ta ce, "Ɗiyata, ke kika taka abin da ƙahwarki?" Na ce ni ce, sai da wani bawan Allah ya ƙarasa. Da aka kawo abinci ta tsamo tsakiyar kifin, wanda kullum ɗanta take ajiye wa, ta sa a gefena. Da za mu tafi ta sa aka zuba mana albasar garin Augie a but, kusa da famfon.

Bayan magariba yaron ya kira, kamar yadda ya saba duk Juma'a. Malam ya amsa gaisuwa, sai ya miƙo mini wayar. Na karɓa, na yi gaisuwar da na saba. Inda nakan mayar wa babansa, sai na riƙe. Na ce masa ya saurare ni, ina da magana. Na ji ya rage ƙarar talabijin.

Na gaya masa komai, daga lambar da ta ƙi motsi har zuwa robar da ta tsage. Na ce duk tsayuwar da muka yi a baya, tayoyin lafiyarsu lau, mai faci ya auna. Ranar da taya ta sace da gaske, na'urar ba ta ce komai ba, kuma ita ce ta sace iskar. Na ce na san don tausayinmu ya sayo ta, Allah ya ba shi ladan niyyarsa, kuma ban ce duk irinta haka suke ba, wannan dai da ke hannuna ba ta iya zafin ƙasarmu ba. Na ce kunnen babansa ne ya tsayar da mu yau, ni kuma na gani.

Da na gama ya ce, "Mama, ke kika buga famfo a bakin hanya?" Muryarsa ta canja. Na san abin da yake hangowa, da abin da zai iya faruwa in da mun ci gaba da gudu.

Na ce ni ce, kuma ga ni zaune lafiya. Na ce mutumin da ya samo, ya ba shi haƙuri, Allah ya buɗa masa wani wurin. Ranar da na ji hannuna ko idona ya fara gazawa, da bakina zan gaya masa, ba sai wani allo ya faɗa ba.

"To Baba fa? Gwiwarsa?"

Malam, da ke jin komai, ya matso ya ce, "Gwiwata tun da ka hana ta tsugunawa ta hwara ciwo."

Yaron ya yi dariya, irin wadda ake yi hanci a toshe. Ya ce shi ke nan, ya ji. Amma zai aiko da geji irin na masu faci, don a riƙa aunawa kafin a hau hanya, kuma a canja famfon nan. Na ce wannan mun karɓa. Tunda na haife shi ban taɓa yin magana mai tsawo haka da shi ba. Da na ajiye wayar kunnena har ya yi zafi.

Gejin ya iso cikin mako, ɗan siriri kamar biro. Famfon kuwa Malam ya ƙi a jefar, yana nan kusa da sabon. Hulunan ƙarfen suna cikin wani ɗan kwano a saman firij, in jikoki suka zo sukan roƙa su yi wasa da su, in hana ƙanana don kada su haɗiya.

Makullin ya ci gaba da zama a jakata. Mun yi ta zuwa Argungu duk Juma'a har Allah ya karɓi ran Inna, kuma bayan haka ma ba mu daina ba, akwai masallacin, akwai dangi. Da safe in ya sha kununsa yakan ce, "Direba, taho." Sai in rage wutar murhu in bi shi. Ya tsuguna in tsuguna. Ya danna, ya ƙwanƙwasa, ya dangwala gejin in karanta masa lamba. Duk da haka sai ya shafa yawun, ni kuma in sunkuya in duba in ce ya kwanta, sannan mu dafa juna mu miƙe mu matsa ta gaba.